Gasar Mos ta Nuwamba: Rediyo Biyu Za Mu Kunna, Ko Ɗaya da Mafarauci?

Injiniya Lawal, Malali

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Saura mako bakwai a shiga ɓangaren Mos, wato aika saƙo da ɗigo da ja, na gasar CQ World Wide ta masu rediyon sha'awa, wanda ake yi a cikakken ƙarshen mako na ƙarshe a watan Nuwamba, kuma har yau ba mu tsayar da rukunin da za mu shiga ba. Don amfanin sababbinmu, gasar awa 48 ce ba tsayawa. A agogonmu tana farawa da ƙarfe 1 na daren Juma'a wayewar Asabar, ta ƙare dab da ƙarfe 1 na daren Lahadi wayewar Litinin. Zango shida ake amfani da su: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. Abin da ake musaya shi ne rahoton sigina da lambar shiyyar duniya da tasha take ciki, mu kuwa muna shiyya ta 35.

Tawaga tana da zaɓi uku a gabanta. Akwai rukunin rediyo ɗaya mai zaman kira, wanda aka yarje masa rediyo na biyu don farautar sababbin ƙasashe da shiyyoyi kawai. Akwai rukunin rediyo biyu masu kira a lokaci guda a zango daban-daban. Akwai kuma na manya, inda ake kunna zango shida baki ɗaya, wanda ba namu ba ne tukuna. Ra'ayina shi ne mu shiga na rediyo biyu. Kusan duk wanda zai kira mu daga Turai, Amurka ko Asiya yake, kuma tuntuɓar da ta tsallaka nahiya maki uku ce, alhali Bajamushe da ɗan Italiya maki ɗaya suke samu a junansu. Lambar kira mai farawa da 5N, wato ta Nijeriya, ba ta da yawa a iska, saboda haka rububinmu za a yi. Ba na ganin hikimar a bar rediyo guda yana jiran farauta, ga mita 15 da mita 10 a buɗe tun hantsi har la'asar.

Alhaji Garba, Rigachikun

Wa alaikumus salam. Gonar tana nan kamar yadda na yi alkawari, da ɗaki biyu da rijiya, kuma an gama girbin masara, don haka filin shimfiɗa waya ya samu. Na auna, daga ɗakin zuwa bishiyar ɗorawa ta can ƙarshe bai kai mita 200 ba, ke nan muna cikin da'irar mita 500 da doka ta ce kayan tashar su kasance a ciki. Batun rukuni na bar wa masana. Abinci da shayi suna wuyana.

Baba Audu, Tudun Wada

Injiniya, na karanta bayaninka sau biyu, kuma lissafinka na maki daidai ne. Inda na saɓa da kai shi ne lissafin mutane. Ka ƙirga mini waɗanda za su iya zama gaban rububi, tasha ashirin ko talatin suna kira a kan mita ɗaya, su zaro lamba guda cikakkiya ba tare da sun nemi a maimaita sau uku ba. Ni na ƙirga, na samu uku: kai, da Bitrus, da ni, kuma ni shekaruna sun wuce saba'in, bayan awa uku kunnena yakan fara ƙara mini ɗigon da ba a aiko ba. Rediyo biyu na awa 48 kujera ce ta awa 96. Idan ka raba wa mutum uku, kowa ya tashi da awa 32, ban da salla, ban da cin abinci, ban da barci, ban da zuwa duba janareta.

Tun ina saurayi a aikin tangaraho na ga yadda gajiya take cin mai karɓar saƙo. Ba hannu take fara kamawa ba, kunne take kamawa, kuma mugun abin shi ne mutum ba ya sanin ta kama shi. Harafin S ɗigo uku ne, H huɗu, lamba 5 kuma biyar. B ja ɗaya ne da ɗigo uku, 6 ja ɗaya da ɗigo huɗu. Da ƙarfe uku na daren biyu, waɗannan duka kamarsu ɗaya. Mai kujera zai rantse ya ji daidai, ya rubuta, ya wuce, sai sakamako ya fito a ga ɓarnar.

Mubarak, Kawo

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman afuwa idan na yi katsalandan, amma ina ganin an bar ni da Malama Zainab a wajen ƙidayar. A manhajar atisaye ina karɓar kalma 30 a minti, kuma a gasar ba hannu ne zai riƙa bugawa ba, manhajar gasa ta N1MM Logger+ ce za ta aika kira da rahoto da zarar an taɓa maɓalli. Sannan tana da jerin lambobin da suka saba shiga gasa, idan na ji rabin lamba sai ta nuna mini waɗanda suka yi kama da ita. Shiyya ma ita take cikewa da kanta daga farkon lambar. Da wannan taimakon ina ganin zan iya riƙe kujera ta biyu da rana.

Baba Audu

Ɗana, ba raina ka na yi ba, kuma na ji daɗin yadda ka dage. Sai dai abin da kake kira taimako shi ne ramin da na fi jin tsoron ka faɗa. Kwamfuta ba ta ji komai ba, kai ne ka ji. Idan ta jero maka lamba huɗu masu kama da juna, ranka zai zaɓi ɗaya ya ce ita ce, alhali mai kiran wani sabo ne da ba ya cikin jerin. Shiyya kuma, ka sani Amurka ta ratsa shiyya ta 3 da ta 4 da ta 5, kuma Ba'amurke yana iya ƙaura daga gabas zuwa yamma da tsohuwar lambarsa. Wanda bai saurari abin da aka aiko masa ba, abin da kwamfuta ta zata zai rubuta.

Malama Zainab, Unguwar Rimi

Baba da Injiniya, ina gaishe ku. Tun da ni aka ɗora wa kundin tuntuɓa, bari in kawo alƙaluma, domin ina ganin gardamar za ta fi sauƙi idan muna kallon abu ɗaya.

Ana samun sakamako ne ta hanyar ninka jimillar makin tuntuɓa da jimillar ƙasashe da shiyyoyin da aka samu, kuma kowane zango ƙidayarsa daban. Wato Japan a mita 20 ninki ɗaya ce, Japan a mita 15 wani ninkin ne. A ɗauka, a matsayin misali kawai, mun yi tuntuɓa 2,000 masu maki uku, maki 6,000 ke nan, kuma mun tara ninki 300, sakamakonmu 1,800,000. A daidai wannan matsayi, ƙarin tuntuɓa ɗaya tana kawo 900, amma sabon ninki ɗaya yana kawo 6,000. Ke nan sabuwar ƙasa guda ta kusa daidai da mutum bakwai na rububi. Saboda haka rediyon farauta ba zaman banza yake yi ba, Injiniya, muddin wanda ke kansa ya san abin da yake nema.

Sai batun kuskure, wanda shi ne ya fi damuna. Masu tantancewa suna gwama kundinmu da na waɗanda muka tuntuɓa. Idan muka rubuta lambar kira ba daidai ba, ko muka rubuta wanda ba mu cikin kundinsa, za a cire tuntuɓar, sannan a ci mu tarar ninki biyu na makinta. Uku sun tafi, shida sun bi su, tara ke nan, ladan tuntuɓa uku masu kyau. Mai sauri da ya yi 100 a awa da kuskure biyar zai tashi da 255. Mai natsuwa da ya yi 90 ba kuskure zai tashi da 270. A allon kwamfuta na farkon ne zai zama gwarzo a daren, a sakamakon ƙarshe kuwa na biyun ne ya ciyar da mu gaba.

Mubarak, ba da kai kaɗai nake ba. Ni ma na gwada kaina a makon jiya, na saurari wani rububi na tsawon rabin awa ina rubutawa a takarda, da na sake jin abin da na naɗa sai na tarar kusan ɗaya cikin goma na ɓata. Ban isa kujerar kira ba tukuna, kuma na fi son in faɗa da bakina.

Injiniya Lawal

Malama, lissafinki ya shige ni, amma akwai gefen da bai taɓo ba. Mafarauci a rukunin rediyo ɗaya ba shi da izinin yin kira, sai dai ya amsa wa wanda zai zama sabon ninki, kuma dole ya kasance a zango daban da na mai kira. Mu kuwa a nan yankin yawancin ninki su ne suke zuwa su same mu, domin su ma suna neman Nijeriya da shiyya ta 35. Ku tuna tawagar nan ta VooDoo, Turawan Ingila da Amurka da suka riƙa zagaya Afirka ta Yamma shekara da shekaru don wannan gasar kaɗai, har suka yi aiki daga Yamai da lambar 5U5Z. Abin da ya kawo su shi ne wannan matsayin namu: Turai tana arewa da mu kai tsaye, Amurka arewa maso yamma, kowa maki uku. Ga kuma ƙarfin rana, wanda shi ke buɗe manyan zanguna, an sanar ya kai ƙololuwar zagayensa na 25 a 2024. Shekarun da mita 10 zai riƙa buɗewa haka ƙidayayyu ne, idan muka jira sai mun ƙware, zangon zai rufe ya bar mu.

Bitrus, Barnawa

Ina gaida dattawa. Na yi shiru ne ina jiran a zo kan ƙarfe da waya, domin nan ne nawa fannin, kuma ina tsoron ko wane rukuni aka zaɓa matsalar guda ce. Da zarar rediyo biyu suna aiki a fili ɗaya, ɗaya zai kurmantar da ɗaya idan ba a yi shiri ba. Zangunan gasar ninkin juna ne. Idan mai kira yana kan kilohaz 7,010, amonsa na biyu yana sauka a 14,020, na uku a 21,030, wato tsakiyar inda ake Mos a mita 20 da mita 15. Bara da muka yi gwaji a gidan Injiniya kun ga abin da ya faru: duk lokacin da ya taɓa maɓalli a mita 40, allurar ɗaya rediyon sai ta buga ƙarshe.

Maganin sananne ne. Ana sa wa kowane rediyo matatar da ke barin zango ɗaya kawai ya wuce, sannan a ƙara da guntun kebul da aka yanka daidai rubu'in zango. Na mita 40, idan kebul ɗin RG-213 ne, tsawonsa kusan mita 7, a haɗe bakinsa na ƙarshe. Zai bar megahaz 7 ya wuce ya danne 14 da 28. Amma a lura, ba ya danne 21, don haka haɗin mita 40 da mita 15 sai matata ta gaske da tazarar eriya. Matatun da muke da su saiti ɗaya ne, kuma wat 100 suke ɗauka. Idan aka ce za a kunna amfilifaya, ko da ba a kai wat 1,500 da doka ta ƙayyade ba, to sai an sake lale gaba ɗaya.

Sai wuta. A gonar ba za mu dogara da wutar layi ba. Ƙaramin janaretan da muka yi amfani da shi bara yana zuba ƙara a mita 80 da 40 har sigina mai rauni ba ya jiyuwa, inbatar sola ma haka take, ƙararta tana bayyana a tazara-tazara a faɗin zangon. Shawarata a ajiye janareta can nesa yana cajin batura, rediyon su sha daga batir kai tsaye. Rediyo mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 a lokacin aikawa, wanda batura za su iya ɗauka. Amfilifaya kuwa sai babban janareta da man awa 48, kuma kowa ya san kuɗin mai a yanzu.

Abu na ƙarshe, hunturu. Alherinsa shi ne tsawar damina ta wuce, ƙananan zanguna za su fi yin shiru a kan yadda suke a watan Mayu. Sharrinsa kuwa busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ka ji tana tartsatsi, ƙasa kuma ta bushe ta yi tauri, sandar da aka kafa don saukar da wuta ba ta aiki sosai sai an riƙa jiƙa gindinta. Wayar mita 80 tsawonta kusan mita 40 ne, ta mita 160 kusan 80, kuma irinsu ne suka fi tara cajin. Zan sa musu abin zubar da shi, amma kada wanda ya taɓa bakin kebul da hannu idan iska ta taso.

Alhaji Garba

Bitrus, rubuto mini tsawon bututun da kake so da kaurinsu, gobe ina da hanya ta Panteka, sai in sa a yanka a yi musu walda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Lawal

To, ga alama an taru a kaina. Ban san matatun saiti ɗaya ba ne, na ɗauka wancan na biyun ya iso. Idan babu amfilifaya, hujjata ta ragu, domin a rukunin rediyo ɗaya akwai ajin masu wat 100, inda za a gwada mu da tsararrakinmu, a rukunin rediyo biyu kuwa da manyan tashoshi irin D4C ta Kef Bad za a jera sunanmu, kuma shiyyarmu ɗaya da su. Na sauko, amma da sharaɗi: kujerar kira kada ta huce ko na minti ɗaya, kuma daga hantsi zuwa faɗuwar rana, lokacin da Turai da Amurka suke buɗe a manyan zanguna, ƙwararru ne kawai za su zauna. Sababbi su yi farauta, su yi dare.

Malama Zainab

Injiniya, a nan kuma ban bi ka ba. Dare shi ne mafi wuya. A mita 80 da 40 sigina suna da rauni, ƙara tana da yawa, mutum kuma yana fama da barci. Wanda aka tura can ba tare da gogewa ba, an tura shi inda kuskure ya fi yawa ne. Farauta ma ba wasa ba ce, domin akwai dokar minti goma: kowane rediyo, idan ya yi tuntuɓar farko a wani zango, sai ya cika minti goma kafin ya koma wani, kuma kundi dole ya nuna wane rediyo ne ya yi wace tuntuɓa. Mafaraucin da ya ga sabuwar ƙasa ta bayyana a allo ya yi tsalle kafin lokaci, ko ya amsa wa wanda ba sabon ninki ba, ya jawo mana asara. Sannan akwai tambayar da ba a yi ba: shin don sakamakon bana muke wannan wahala, ko don a samu masu kujera shida nan da shekara biyu? Tun 2003 aka cire wajabcin jarrabawar Mos daga dokokin duniya na lasisi, saboda haka ba wanda zai koya don tilas. Idan Mubarak bai ɗanɗani rububin rana ba, me zai riƙe shi?

Baba Audu

'Yata ta faɗi abin da ke raina, sai dai ina da hanyar da nake ganin za ta raba gardamar. A sa abin ji na kunne guda biyu a rediyon kira. Mai kujera yana aiki, na biyu yana gefensa da takarda da fensir, yana rubuta duk lambar da ya tsinta. Haka aka koya mana, kuma amfaninsa biyu ne: ƙwararren yana samun kunne na biyu, sabon kuma yana jin yadda ake yanka rububi. Idan na ga takardar Mubarak ta yi daidai da allo na tsawon awa guda, zan tashi in ba shi kujerar da rana tsaka, in koma gefensa da fensirin.

Ina da roƙo kuma ga duk wanda zai zauna. Lambarmu tana farawa da 5N, rahoton da kowa yake aikawa kuma 5NN ne, tun da ana taƙaita 9 zuwa N. Ga shiyyarmu tana ƙarewa da 5. Ɗigo sun yi mana yawa. Idan aka saki kwamfuta tana gudu a kalma 38, wani zai ji 5 a matsayin H, ya sanar da mu da lambar da ba tamu ba, sai waɗanda suka riga suka tuntuɓe mu su sake dawowa suna zaton sabuwar tasha ce, mu ɓata rabin awa a kan maimaici marar maki. A tsaya a 28 zuwa 30, a riƙa faɗin lambarmu akai-akai, kuma idan mai kira ya zo a hankali a sauko masa. Idan ka ji rabin lamba, ka aika rabin da ka ji ka tsaya a kansa har ya cika. Da zarar ka bar shi ka ɗauki wanda ya fi ƙarfi, ka koya wa rububin cewa rashin ladabi yana biya, kuma ba za ka sake samun shiru ba.

Mubarak

Na yarda, Baba, kuma na gode. Zan riƙa zuwa Tudun Wada bayan la'asar ran Talata da Alhamis idan kun ba ni izini, in zo da abin da Malama ta naɗa mu yi atisaye da shi, ba da na manhaja mai tsabta ba. Tambayata ɗaya ga Yaya Bitrus: bayanan tashoshin da na'urorin saurare suke zubawa ta intanet, an yarda tawaga ta yi amfani da su, amma sabis a gonar yana da ƙarfin da zai riƙe su?

Bitrus

Yana zuwa yana ɗaukewa. Zan ɗaura wayar a saman bututu in gwada layi biyu ranar da za mu kafa eriya. Idan ya ƙi, mafarauci ya juya da hannunsa daga ƙasan zango zuwa sama kamar yadda ake yi da. Malama, a jadawalin ki cire ni daga ƙarfe 7 zuwa 11 na safiyar Lahadi, zan shigo gari coci in dawo. A madadin haka ni zan riƙe kujera a lokutan salla duka na kwana biyun, musamman asuba da magariba, tun da a daidai fitowar rana da faɗuwarta ne ƙananan zanguna suke buɗewa zuwa nesa, kuma bai kamata a bar su ba kowa ba.

Injiniya Lawal

Wannan ya yi. Amma ban janye batun awannin rana gaba ɗaya ba. Asabar daga hantsi zuwa magariba ta ƙwararru ce, da sabo a gefe. Lahadi, lokacin da rububin ya lafa, sai a yi gwajin Baba. Idan adadin awa ya faɗi ƙasa da rabin na wanda ya tashi, a karɓi kujerar ba tare da jin haushi ba.

Baba Audu

Rabin na allo, ko rabin abin da zai rage bayan an ci mu tara? Wannan sai mun zauna.

Malama Zainab

Zan fitar da jadawalin zama na awa uku-uku kafin Juma'a, da gurbin mai kujera da na mai fensir da na mafarauci, kowa ya duba ya gyara. Lokaci kaɗan ake bayarwa bayan gasa don aika kundi a tsarin Cabrillo, wato tsarin fayil ɗin da masu gasar suke karɓa, saboda haka zan saita agogon kwamfutocin biyu a kan lokacin duniya tun kafin mu tashi daga gari. Injiniya, har yanzu ban ga hoton lasisin da za mu yi aiki da lambarsa ba, kuma ina so in tabbatar bai ƙare kafin ƙarshen Nuwamba ba. Alhaji, ranar kafa eriya Asabar mai zuwa ce ko ta sama?